Farar Ƙasa Sai Bayan Azahar

Mahaifina baduku ne. Daga Kano kakanmu ya zo Jalingo da wuƙarsa da basillarsa, ya zauna a Barade, a nan aka haife mu cikin warin fata da bagaruwa. Ina yarinya, ranar da na fi so ita ce ranar da Baba zai yi wa fata baƙin rini. Yana da wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki da yake jiƙa guntayen ƙarfe a ciki. Ruwan ba shi da wani launin kirki, kamar ruwan wanke-wanke yake, amma da ya goga shi a kan fatar da aka jeme da bagaruwa sai wurin ya koma baƙi ƙirin a gaban idona. Idan na dame shi da tambaya sai ya ce ƙarfe da bagaruwa ne, in sun haɗu ba sa rabuwa, in matsa in ba shi wuri.

Da na girma na yi karatun harhaɗa magunguna, na dawo gida na kama aiki a wani asibiti. Mafi yawan shekaruna na yi su ne a ɗan ɗakin da ake ba masu cutar ƙanjamau maganinsu. Abokan aikina sun ce ina da surutu, kuma ban musa ba. Mutum ya zo karɓar kwalbarsa ya tafi kasuwa, ni kuwa sai na zaunar da shi na ba shi tarihin abin da ke cikin kwalbar. Wasu har leƙowa suke yi ta taga, in sun ga ni ce a kujera sai su zaga su dawo.

Cikin duk magungunan da suka bi ta hannuna, akwai ɗaya da nake so kamar mutum. Sunansa dolutegravir, yana cikin ƙwayar nan guda da ake haɗa magani uku a ciki, wadda yawancin mutanenmu ke sha sau ɗaya a rana. Shi kaɗai in ka gan shi gari ne fari mai ɗan ratsin rawaya, ba ya son narkewa a ruwa, ba abin da zai burge ka. Aikinsa ne abin kallo. Ƙwayar cutar tana da wani kayan aiki da take ɗinke kanta da shi a cikin ƙwayoyin jininmu, kuma kayan aikin ba ya motsi sai da wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke tsakiyarsa. Maganin nan yana zuwa ya cafke ƙarafan ya riƙe gam, ba ya saki da wuri. Ɗinki ya tsaya ke nan, cuta ta kasa hayayyafa, har ta yi ƙasa sosai a jini ta yadda na'urar ɗakin gwaji ba ta iya ganinta. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi dariya, don tukunyar Baba ce ta faɗo mini a rai.

Sai dai maganin ba ya tambayar ƙarfen waye. Wanda ya fara cin karo da shi, shi zai kama. Idan ya tarar da ƙarfe a cikin hanji tun bai shiga jini ba, a nan zai rungume shi su fice tare ta bayan gida. Shi ya sa muke hana a haɗa shi da farin maganin ƙwannafi, kuma muke ja wa mutane kunne a kan jan maganin ƙarin jini in za a sha shi da cikin da ba komai. Na faɗi wannan har bakina ya saba, ina iya faɗarsa ina lissafin abin da zan dafa da dare.

Ina da ɗiya, ba ni na haife ta ba, 'yar yayana ce. An haife ta a shekarun da maganin bai iso mana nan ba, ta zo duniya da cutar a jininta. Uwarta ta rasu tana goye, yayana ya bi bayanta ba da daɗewa ba, aka ɗauko ta aka sa mini a cinya. Ni na raine ta. Lokacin da maganin yara ya samu, wani ruwa ne mai ɗaci da ba ya son zafi, ga shi ba mu da wutar kirki, sai in binne kwalbar a cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Kullum da safe ni ce mai tashinta, in matse mata kumatu in ɗura, ta yi kuka, in bi da ɗan ƙuli-ƙuli. Haka muka yi ta yi har ta kai ga haɗiyar ƙwaya, har ta zama ita ke tuna mini. Yarinyar nan ta taɓa dawowa daga bakin tasha, mota ta tafi ta bar ta, don kawai ta manta kwalbarta a kan taga.

Ta yi aure a Sintali, ta auri wani malamin firamare mai sanyin hali. Shi ba ya ɗauke da cutar, ya kuma san komai tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Suna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa, wata dattijuwar Bafillatana doguwa da kowa ke kira Dada. Da ciki ya samu, na yi murna irin wadda ba na iya ɓoyewa, har a wurin aiki aka gane. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Shekara da shekaru ana auna jininta ba a ganin komai, kuma na san in uwa ta kai haihuwa a haka, ta ci gaba da shan maganinta, da wuya ƙwarai cutar ta tsallaka zuwa ga jariri. Abin da bai samu ba lokacin da aka haife ta, ga shi ya samu a lokacin ɗanta.

Cikin ya yi nisa, wajen farkon damina, aka sake auna jinin. Wannan karon na'ura ta ga cutar. Ba ta yi yawa ba, amma ta ɗago kai, kuma haihuwa na matsowa.

Abokiyar aikina da ke duba masu ciki ta kira ni gefe. Cikin lallashi ta ce, "Anti, kin san yaran nan da laulayi. Wataƙila tana tsallake wasu ranaku, tana jin nauyin faɗa miki."

Tambayar da ya kamata ta yi ke nan, ni ma ita nake wa 'ya'yan wasu. Amma raina ya ɓaci, na ce mata in dai yarinyar nan ta tsallake magani to ni ma na tsallake sallar asuba. Ta bar ni, don ta san halina, fushina ba ya kwana.

Na tambayi ɗiyar tawa a waya. Ta ce, "Goggo, wallahi ko sau ɗaya." Na tambaye ta amai, ta ce ba ta taɓa amayar da shi ba. Na tambaye ta maganin ƙwannafi, ta ce ai na hana ta tun tuni. Jiƙe-jiƙen gargajiya fa? Babu. Sai ta ce, "Ko dai maganin ya daina yi mini aiki ne?" Wannan ita ce tambayar da nake gudu, ko da yake na san maganin nan ba ya saurin sakin cuta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe zan zo karin kumallo.

Na yi sammako na tari keke daga Barade. An yi ruwa kafin gari ya waye, duwatsun bayan gari sun wanku tas, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tsaya na sayi ƙosai a bakin hanya. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki a kan tabarma, da carbi a hannu, ƙafafunta sun ɗan kumbura. Na ce kada ta canza komai don na zo, ta yi yadda ta saba, ni baƙuwa ce mai kallo.

Ta ɗauko kwalbarta ta fitar da ƙwaya ɗaya. Ta ɓallo jan maganin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, ta haɗa su a tafin hannu ta kora da ruwa, ba ta ci komai ba. Na lura da wannan, na ci gaba da kallo. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wani dunƙule mai ruwan toka, ta gatsa. Na ji ƙarar a haƙoranta, ƙurus ƙurus, ta lumshe ido kamar wadda aka sa wa zuma a baki.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Farar ƙasa ce, Goggo. Ita ke kwantar mini da tashin zuciya. In na sha magani na bi da ita, shi ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon laulayi. Dada ke kawo mini."

"Na tambaye ki jiya abin da kike sha."

Ta dube ni da gaskiyarta ta ce, "Ai ba magani ba ce. Ƙasa ce kawai."

Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, har ƙosai ya kusa zubewa. Daɗi ne ya kama ni. Ƙasar nan da mata masu ciki ke ci cike take da dangin ƙarafan da ke cikin farin maganin ƙwannafi. Kullum da safe yarinyar nan tana aika maganinta aiki, sai ta tura masa ƙarfe da ƙasa su tare shi tun a zaure. Idan haka ne, maganin bai gaza ba, hanya ce ba a ba shi ba, ita kuwa hanya ana iya gyara ta. Ta ga ina dariya sai ta fara kuka, na jawo ta jikina na yi mata bayani.

Da ta share hawaye ta ce, "To Dada fa? In na ƙi ci ranta zai ɓaci. Har Mayo Gwoi take takawa wurin wata mata ta sayo mini, ta zo ta gasa da kanta. Kuma ban taɓa ambatar sunan ciwona a gabanta ba."

Nan ne aikin yake. Dada ta yi imani cewa mai ciki in ta yi kwaɗayin abu aka hana ta, ɗan zai fito yana dalalar da miyau har ya girma. Jikanta na fari ne wannan. In na shiga da takardar makaranta na ce ƙasa ƙazanta ce, za ta ce to, in na juya baya ta ci gaba da bayarwa a ɓoye saboda tausayi. Na san irinsu, uwata ma haka take.

Na same ta a madafa tana hura wuta. Muka gaisa da Fulatanci, jam, jam, muka tambayi gida da mai ciki. Ina zaune a kan turmi ina juya yadda zan fara, sai idona ya faɗa kan wani ƙullin leda a rataye. Bagaruwa ce, ta saye ta tun da wuri ta ajiye don ruwan da mai jego za ta zauna a ciki. Na ce ta ba ni kaɗan, zan nuna mata wani wasa na gidanmu. Na daka, na jiƙa a ruwan zafi, na tace a farin kofi. Ruwan ya fito kamar shayi marar madara. Na karɓi jan maganin ƙarin jini guda ɗaya na murƙushe da cokali na zuba a ciki.

Muna kallo ruwan ya fara duhu, kafin a jima ya koma baƙi kamar tawadar allo.

Dada ta ja da baya ta ce, "Wannan kuma wane irin sihiri ne?"

Na ce ba sihiri, ƙarfen da ke cikin maganin ne ya haɗu da bagaruwa suka kama juna, haka mahaifina ke rina fata. Na ce ta gwada raba su in za ta iya. Sannan na fara kewaye-kewaye: akwai wani magani da yarinyar nan ke sha kullum, shi ma halinsa irin na bagaruwa ne, in ya ga ƙarfe sai ya kama, ita kuma farar ƙasa akwai ƙarfe a jikinta, to maganin nan yana da muhimmanci saboda wani dalili.

Ta ɗaga mini hannu. Da Hausarta ta Fulani ta ce, "Goggon yara, ki bar zagaya. Na san sunan ciwon. Ɗana ya gaya mini tun ba a kai goro ba, na ce masa yarinyan yana da hankali, ka aura. Ki faɗa mini sosai, ƙasan nan yana taɓa bingel na ciki?"

Bingel shi ne ɗa a bakinsu. Na waiwaya, ɗiyata na tsaye a bakin madafa ta toshe baki da mayafi. Duk zaman da suka yi tana ɗauke da nauyin abin da tsohuwar ta riga ta sani ta kuma yarda da shi.

Na faɗa wa Dada gaskiya ba ragi. Na ce maganin shi ne katangar da ke tsakanin ciwon uwa da jikanta, ƙasar kuwa tana hana shi isa inda zai yi aiki. Ta daɗe tana kallon baƙin ruwan nan. Sai ta ce, "Ni na ɗauka ina gyara."

Na ce, "Kin gyara tashin zuciya, Dada. Saura mu gyara lokaci."

Da son raina ne da an daina cin ƙasar gaba ɗaya, don ban yarda da tsabtarta ba, tana kuma rage jini. Na faɗa. Dada ta ce miyau fa? Muka yi ciniki kamar masu sayen akuya, ta ja na ja. A ƙarshe muka tsaya a kan abin da na san za a iya riƙewa. Ƙa'idar maganin ita ce a ba shi awa biyu shi kaɗai kafin wani ƙarfe ya biyo baya, in kuwa ƙarfen ne ya riga shiga sai an jira awa shida. Dada ba ta aiki da agogo, don haka muka mayar da shi salla. Magani da safe bayan asuba, tare da koko. Jan maganin jini ya koma wurin tuwon rana. Farar ƙasa sai bayan azahar, ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, in an yi la'asar an rufe. Dada ta karɓe dunƙulen da ke bakin zani ta sa a cikin ƙwaryarta ta rufe da faifai, ta ce daga yau ita ce mai rabo.

Ban taɓa ganin mai tsaron magani irin tsohuwar nan ba. Ɗiyata ta riƙa kirana tana ƙara: "Goggo, kin haɗa ni da soja. Jiya an yi yayyafi, ƙamshin ƙasa ya hana ni sakat, na roƙe ta tun hantsi, ta ce ladan bai kira ba." Don ta rage mata kwaɗayin safe sai ta koma soya mata aya tana ba ta tsamiyar biri. A hankali gutsuren ya yi ta ƙanƙancewa, har wata rana Dada ta ce matar Mayo Gwoi ta yi tafiya. Na san ba inda matar ta je.

Aka sake ɗibar jini kafin haihuwa. Ranar da sakamako ya fito, abokiyar aikin nan tawa ce ta zo da kanta har tagar ɗakina tana murmushi, ta ce ba a ga komai ba. Na tashi na rungume ta, na kuma ba ta haƙurin maganar sallar asuba da na yaɓa mata. Ba zan rantse cewa ƙasar ce kaɗai ta jawo abin ba. Akwai jan maganin da take haɗawa da cikin da ba komai, akwai kuma yadda ciki kansa ke rage ƙarfin wasu magunguna a jini. Abu uku ne suka haɗu a lokaci guda, ban san rabon kowanne ba. Amma tun daga lokacin na ƙara tambaya ɗaya a cikin surutuna. Duk mai cikin da ta zo tagata, bayan na gama maganar magunguna, sai in rage murya in ce, to ƙasa fa, ana ɗan taɓawa? Sai ka ga an sunkuyar da kai ana dariya.

Ta haifi namiji ana tsakiyar damina. Aka ba shi nasa ruwan maganin na makonnin farko, aka tsaga ɗan diddigensa aka ɗiga jini a takardar gwaji, ya tsala ihu, Dada ta harari ma'aikaciyar kamar za ta cinye ta. Gwajin farko ya fito lafiya. Na yi hamdala, amma ban saki jiki ba, don yana shan nono, kuma hukuncin ƙarshe sai bayan yaye. Uwarsa ta ci gaba da shan maganinta kullum da safe, shi kuma ya yi ta ƙiba yana dalalar da miyau kamar kowane yaro. Dada ta ce ga shi nan, ai ta faɗa. Na ce haƙora ne. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Bayan an yaye shi aka yi gwajin ƙarshe. Babu cutar a jikinsa.

Da yammacin ranar na je Sintali da 'yar tsarabata. Muna zaune a tsakar gida mu uku, an yi ruwa an ɗauke, yaron yana ta dabo tsakanin turmi da randa. Ina cikin ba su labari sai na hango ya tsuguna a gindin katanga, ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cusa a baki. Na zabura na yi kansa ina faɗa, jini ba ya ƙarya, ga gadon uwarsa nan ya ɗauko.

Uwar ba ta tashi ba. Tana zaune da hannu a kumatu tana kallonsa, ita da ba ta san wayewar gari ko ɗaya ba tare da magani ba tun tana ƙarama. A hankali ta ce, "Goggo, shi ko ya ci, babu abin da za ta kama a cikinsa."

Na sa yatsa na kwashe ƙasar daga bakinsa duk da haka, don tsutsar ciki ba ruwanta da wannan. Ya cije ni da sababbin haƙoransa. Na ɗauke shi na kai bakin randa ina wanke masa baki, na juya musu baya, na daɗe ina wankewa bayan bakin ya riga ya fita tas.